Tsohon jiki, sabon inji: Yadda Amurkawa ke mayar da tsohuwar akori-kura motar "street rod"

A shekarar 1948 kamfanin Ford ya fito da wata akori-kura mai suna F-1, wadda ya ƙera domin manomi da magini da ɗan kasuwar ƙauye. Ba a yi ta don ado ba. Kujerarta benci ne guda ɗaya, tankin manta yana cikin ɗakin direba a bayan kujera, gudunta kuma bai wuce abin da zai kai buhunan hatsi kasuwa ba. Yau wanda ya leƙa wuraren baje kolin motoci a Amurka zai tarar da irinta tana ƙyalli kamar amarya, ta durƙusa har cikinta ya kusa taɓa kwalta. Idan aka ɗaga bonet, inji ne da aka ƙera bayan ta cika shekara hamsin a duniya. Birkinta na zamani ne, sitiyarinta na zamani ne, wani lokaci har shasin da take zaune a kai na wata mota ce daban. Irin wannan mota ce ake kira "street rod".

Ma'anar kalmar a taƙaice ita ce tsohuwar mota da aka bar mata kamanninta na waje, amma aka sauya kayan cikinta domin ta iya tafiya a kan titin yau cikin sauri da natsuwa. Ta bambanta da motar da aka gyara aka mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, inda ake neman kowane ƙusa da kowane launi su dace da na asali. Ta kuma bambanta da motar tsere, wadda ba ruwanta da lamba ko fitilar hanya. Mai "street rod" so yake ya tuƙa motarsa daga wannan jiha zuwa waccan, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, a cikin jikin motar da kakansa ya yi dakon taki da ita.

Inda abin ya samo asali

Tushen sana'ar yana kudancin Kalifoniya. A shekarun 1930 samari marasa kuɗi kan sayi tsofaffin Ford masu arha, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, sannan su tafi busassun tafkunan hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, su gwada gudu. Abin da ya ba su dama shi ne injin V8 da Ford ya fitar a 1932, inji mai silinda takwas da talaka zai iya mallaka. A 1937 suka kafa ƙungiyar da ke ɗaukar lokacin gudu, wadda ake sani da SCTA. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da komai, amma sojojin da suka dawo sun dawo da ilimin walda da kanikanci da suka koya a bakin aiki, da ɗan kuɗi a aljihu. A lokacin ne sunan "hot rod" ya bazu.

Sunan bai zo da mutunci ba. Jaridu sun riƙa danganta shi da tseren dare a cikin gari da haɗurra da samari marasa jin magana. Mujallar Hot Rod, wadda Robert Petersen ya fara bugawa a Janairun 1948, da ƙungiyar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951, duk sun yi aikin wanke wannan suna ta hanyar janye tsere daga titi zuwa filin da aka keɓe. Da tafiya ta yi nisa sai hanya ta rabu biyu. Masu son gudu zalla suka koma filin tsere da motocin da ba su da alaƙa da titi. Waɗanda suka girma, suka yi iyali, suka fi son motar da za su hau da matansu ranar hutu, su ne suka riƙe kalmar "street rod". Ƙungiyarsu ta ƙasa, NSRA, ta yi babban taronta na farko a Peoria ta jihar Illinois a 1970, kuma yanzu birnin Louisville na jihar Kentucky ne ke karɓar taron duk shekara, inda dubban motoci ke haɗuwa.

Ƙungiyar ce ta yaɗa ƙa'idar cewa "street rod" ta gaskiya ita ce motar da aka ƙera kafin 1949. Akwai dalili. Amurka ta dakatar da ƙera motocin farar hula a farkon 1942, don haka motocin 1946 zuwa 1948 tsofaffin samfura ne da aka ɗan yi wa kwaskwarima. Sai a 1949 manyan kamfanoni suka fito da sabon fasali, inda murfin taya ya haɗe da jikin mota ya daina zama abu daban da ke manne a gefe. To amma akori-kura ta rikita wannan lissafi, domin ita aka fara sabuntawa bayan yaƙi. Chevrolet ya fitar da samfurin Advance Design a tsakiyar 1947, Ford ya biyo baya da jerin F a 1948. Saboda haka Chevrolet 3100 ta 1948 da ƙanwarta ta 1952 sai gwani ne zai bambance su, amma a takarda ɗaya "street rod" ce, ɗayar kuma ba ita ba ce. A bakin jama'a dai duka sunansu ɗaya, har da F-100 ta 1953 zuwa 1956, wadda da yawa ke ɗauka ita ce mafi kyawun sura a cikinsu.

Me ya sa akori-kura? Da farko arha ce ta jawo mutane. Ƙananan Ford na 1932 zuwa 1934, waɗanda su ne sarakunan wannan fage, sun yi tsadar da mai albashi ba zai iya ba, alhali tsofaffin motocin gona suna nan birjik a bayan rumbuna. Gininta ma mai sauƙi ne: shasi kamar tsani, ɗakin direba a ɗaure a kai, akwatin kaya a baya, kowanne ana iya kwance shi a ajiye gefe.

Aikin kansa

Gogaggu kan ce kafin a duba inji a duba takarda, kuma za mu dawo kan wannan. Bayan takarda sai tsatsa, wadda ita ce ke yanke hukuncin ko aikin zai ɗauki shekara biyu ko goma. Tana ɓuya a wuraren da ruwa da laka ke kwanciya: kusurwoyin ƙasa na ɗakin direba, daɓen da ake taka ƙafa, gindin ƙofofi, da maɗaurin da ke riƙe ɗakin a kan shasi. Shi ya sa motar da ta tsufa a busassun jihohi irin su Arizona ta fi daraja a kan wadda ta fito daga arewa, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Mai saye kan yawo da ɗan maganaɗisu yana ɗora shi a jikin mota. Inda ya ƙi kamawa, to ba ƙarfe ba ne a wurin, ƙullun cike rami ne aka lafta aka bi da fenti. Kyan ɗan maciji kenan.

Daga nan sai a kwance motar gaba ɗaya, a ɗauki hoton kowane sashe, a zuba ƙusoshi a leda a rubuta sunansu. Ana kankare tsohon fenti ta hanyar fesa yashi ko garin gilashi da iska mai ƙarfi, aikin da ke buƙatar hannu mai sanyi, domin idan aka matsa wa faffaɗan ƙarfe irin na bonet ko rufi sai ya lanƙwashe. Abin da ya ruɓe a yanke, a yi waldar sabon ƙarfe a gurbinsa, ɗigo-ɗigo, ana bari yana hucewa. A nan Amurkawa sun ji daɗi: akwai masana'antu da ba su da aikin da ya wuce buga sassan jikin waɗannan tsofaffin motoci, har akwai masu ƙera sabon ɗakin direban Chevrolet na 1947 zuwa 1953 sukutum. Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. Tsohon fenti da abin da aka cike gaɓoɓin bodi da shi suna ɗauke da darma, tsohon takalmin birki kuma yana ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu.

Shasi shi ne inda ake kashe tunani mafi yawa. Na asali an yi shi ne don ɗaukar kaya a kan hanyar gona, yana murɗawa yana komawa. Idan aka ɗora masa inji mai ninki uku na ƙarfin da aka yi shi dominsa, sai an rufe buɗaɗɗen gefensa da farantin ƙarfe ya zama kamar akwati. Ƙafar gaba ta asali sanda ce guda ta ƙarfe a kan sifirin mai ganye, wadda ke sa duk ramin da taya ɗaya ta faɗa ɗayar ma ta ji. Mafi yawan magina suna cire ta su sa irin ta Ford Mustang II, motar da aka ƙera daga 1974 zuwa 1978. Abin dariya shi ne ita Mustang II ba ta da farin jini ko kaɗan a wurin masu son motoci, amma ƙafarta ta gaba, saboda ƙanƙantarta da sauƙin sitiyarinta, ta shiga ƙarƙashin tsofaffin motoci ba adadi, har yau kamfanoni na ƙera kwafinta. Wasu kuma ba su tsayawa wahala: sai su ɗauke bodin ɗungurungum su ɗora a kan shasin ƙaramar akori-kura ta Chevrolet S-10, wadda aka fara ƙerawa a 1982. A baya, aksul ɗin Ford da ake kira mai inci tara, wanda aka yi daga 1957 zuwa 1986, shi ne abin dogaro, domin yana jure ƙarfi kuma canza haƙoransa ba wuya. Masu son motar ta kwanta ƙasa sosai kan maye gurbin sifirin da jakunkunan iska, su sauke ta idan an tsaya, su ɗaga ta idan za a tafi.

Sai inji, inda gardama ba ta ƙarewa. F-1 mai V8 ta fito da ƙarfin doki 100, Chevrolet mai silinda shida kuma kimanin 90. Shekaru da dama amsar kowa ita ce ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fara fitowa a 1955, musamman mai lita 5.7. Yana da arha, ba shi da girma, kuma kayan gyaransa na kowane lungu. Yanzu jikansa, dangin injin LS da ya bayyana a 1997, ya karɓi ragama. Ana ciro mai lita 5.3 daga motocin da suka yi haɗari, yana ba da ƙarfin doki kusan 300 ba tare da an taɓa shi ba, kuma kwamfuta ce ke auna masa mai. Masu kishin Ford suna ganin sa injin Chevrolet a cikin Ford tamkar cin amana ne, amma aljihu ya sha rinjayar kishi.

Mai karatun da ya taɓa zama a garejin kanikawa a Kano ko Kaduna zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, mu ma muna dasa injin wata mota a jikin wata, kuma tsofaffin akori-kura ƙirar Peugeot da ke jigilar kaya a kasuwannin ƙauye da yawansu sunan ne kawai ya rage na asali. Gaskiya ne, dabarar ɗaya ce. Bambancin shi ne bakaniken nan yana yi ne don mota ta fita neman abinci gobe, na can kuma yana yi ne don ta fita ranar Asabar a kalle ta.

Abin da bai kamata a yi wasa da shi ba shi ne tsaro. Waɗannan motoci sun fito da birki mai layin mai guda ɗaya, wanda idan bututu ɗaya ya fashe duk tayoyi huɗu sun rasa birki. Sai a ƙarshen shekarun 1960 doka ta wajabta layi biyu. Wutarsu ta bolt 6 ce, wayoyinsu naɗe da zare, kuma sai a tsakiyar shekarun 1950 aka koma bolt 12. Ba su da bel na kujera. Sandar sitiyari ƙarfe ne miƙaƙƙe da ke nuna ƙirjin direba. Magini mai hankali yana sa birkin faifai a gaba, ya sabunta wayarin baki ɗaya, ya fitar da tankin mai daga ɗaki ya mayar da shi ƙarƙashin akwatin kaya, ya kafa bel. Duk da haka akwai iyaka. Masu cewa ƙarfen da ya fi na yanzu ƙarfi su tuna gwajin da cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta yi a 2009, inda ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009. Ɗakin tsohuwar ya murƙushe a kan mutum-mutumin da ke tuƙi, na sabuwar ya tsaya da siffarsa.

Kwalliya ce ta ƙarshe. Wasu na yanke ginshiƙan rufi su rage masa inci biyu ko uku domin motar ta yi kama da mai haɗe gira. A kan tsofaffin samfura masu shimfiɗaɗɗen gilashi aikin da sauƙi, amma daga lokacin da gilashin gaba ya zama lanƙwasasshe sai ya koma ciwon kai. Daɓen akwatin kaya, wanda a da katako ne da ake jan buhu a kai, yanzu ana goge shi a shafa masa mai har mutum ya ji kunyar taka shi. Akwai kuma waɗanda suka juya wa fenti baya gaba ɗaya, suna barin koɗaɗɗen launi da tabon tsatsa da sunan tsohon shagon da ke rubuce a ƙofa. Ƙa'ida guda da kowa ya yarda da ita ita ce a haɗa motar duka tun kafin fenti, a tabbatar kowace ƙofa tana rufuwa, sannan a sake kwancewa. Wanda ya yi gaggawar fenti zai dawo ya huda shi da kansa.

Wace mota ce wannan a idon hukuma?

A nan gizo ke saƙar. Idan an canza inji da giya da aksul da shasi, aka kuma sa sabon ɗakin direba, me ya rage na 1948? Tambayar ba ta masu falsafa kaɗai ba ce, domin shekarar da aka rubuta a takarda ita ke yanke harajin da za a biya da dokar hayaƙin da za ta hau kan motar. Lambar shaida mai harafi da alƙaluma 17 da ake gani a motocin yau sai a 1981 ta zama dole. Kafin nan kowane kamfani da tsarinsa, wasu jihohi ma da lambar inji suke rajista, wanda ke nufin ranar da aka cire injin motar ta rabu da shaidarta. Rajista kuma aikin jiha ne, don haka abin da ya halatta a wannan jiha na iya zama laifi a maƙwabciyarta. A 2005 Boyd Coddington, ɗaya daga cikin mashahuran magina a Kalifoniya wanda har shirin talabijin yake da shi, ya amsa laifi a kotu kan yi wa motocin da aka haɗa da sababbin kaya rajista a matsayin tsofaffi.

Masu wannan sha'awa ba su zauna suna jiran abin da majalisa za ta yanke ba. Ƙungiyar masu ƙera kayan ƙarin ƙarfi da kwalliyar mota, SEMA, wadda aka kafa a 1963 kuma take gudanar da gagarumin baje koli a Las Vegas duk shekara, tana da ofishi a Washington. Ita ta rubuta samfurin doka ta riƙa kai wa majalisun jihohi, kuma jihohi da dama sun amince da shi. Samfurin ya ware "street rod" a matsayin motar da ta girmi 1949, ya ba na bayanta suna daban, ya kuma nemi a rubuta shekarar da jikin motar ya fi kama da ita, tare da sassauta mata gwajin hayaƙi. Kalifoniya, duk da tsananinta kan iska, ta yafe wa motocin 1975 zuwa baya gwajin da ake yi duk shekara biyu, ta kuma ware gurbi 500 a shekara ga motocin da mutane suka haɗa da hannunsu.

An ga ƙarfin ƙungiyar a 2009, lokacin da gwamnatin Barack Obama ta ware dala biliyan 3 domin biyan mutane su miƙa tsofaffin motoci masu shan mai su sayi sababbi. Kusan motoci 700,000 aka karɓa, aka ɗura wa injinansu wani sinadari da ke daskarar da su don kada su sake tashi. Amma dokar ta ce motar da ta haura shekara 25 ba ta cikin shirin, sharaɗin da masu tsofaffin motoci suka yi fafutukar a sa domin kada a niƙe kayan gadonsu. Ba kullum suke nasara ba. Ƙudurin da suka fara kaiwa majalisar tarayya a 2016, mai neman a fayyace cewa mayar da motar titi motar tsere bai saɓa wa dokar tsabtar iska ba, ya sha shiga yana fita bai zama doka ba.

Hujjarsu ita ce waɗannan motoci kaɗan ne kuma ba kullum suke fita ba, don haka hayaƙinsu bai taka kara ya karya ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai abin da hujjar ta tsallake. Ma'aikacin da ke zuwa aiki da motar 1998 dole ya ci gwajin hayaƙi ko ya ajiye ta, shi kuwa mai akori-kurar 1950 da aka dasa wa inji mai ƙarfin doki 400 babu mai tambayarsa. Sassaucin ya fi amfanar wanda ke da mota ta biyu da ta uku da garejin ajiye su. Sha'awar da samari marasa kuɗi suka fara a hamada ta zama ta dattawa masu hali. Akori-kurar farko da Ford ya fitar daga masana'anta a 1925 dala 281 aka sayar da ita. A gwanjon Barrett-Jackson da ake yi a Scottsdale kowace Janairu, ba abin mamaki ba ne a ga wadda aka gina da kyau ta haura dala 100,000, kuma sau da yawa ko hakan bai mayar wa mai ita abin da ya kashe ba. Shafukan talla cike suke da motocin da aka kwance aka kasa haɗawa, ana sayar da su a kwalaye.

Sabuwar gardamar da ta kunno kai ita ce ta lantarki. A baje kolin SEMA na 2021, Ford ya nuna F-100 ta 1978 da aka cire wa injin mai aka sa mata na lantarki irin na Mustang Mach-E, ya kuma fara sayar da injin shi kaɗai ga masu son dasawa, a kan dala 3,900, ban da batir da na'urorin da ke sarrafa shi. Wasu magina sun karɓe shi hannu biyu, suna cewa kakanninsu ma abin da ya fi sabunta suke nema su cusa a tsohon jiki. Wasu sun ce motar da ba ta ruri ba ta cancanci sunan ba. Ita kuwa SEMA, wadda a zaurenta aka nuna motar, tana cikin masu adawa da shirin Kalifoniya na daina sayar da sababbin motoci masu amfani da fetur zalla daga 2035.